Girgizar Ƙasa: Asalin Kalmar da Tarihin Ma'anarta



Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne. Abin nufi shi ne da suna ake jan hankalin mutum zuwa ga abu, kuma yadda al'umma ta kira abu yakan nuna yadda ta ɗauke shi. Kalmar da za mu tattauna a kanta yau ita ce "girgizar ƙasa". Kowa a wannan zaure ya san ta, amma kaɗan ne daga cikinmu ƙasa ta taɓa motsawa a ƙarƙashin ƙafarsu. Ke nan kalma ce wadda muka sani da ji, ba mu san ta da gani ba, ga shi kuwa an ce gani ya kori ji. Zan yi ƙoƙarin nuna yadda aka gina kalmar, da yadda sauran al'ummu suka kira wannan abu, da yadda fahimtar dalilinsa ta yi ta sauyawa cikin tarihi alhali sunan yana nan yadda yake. Daga ƙarshe zan nuna cewa kalmarmu guda ɗaya ta yi kaɗan ga aikin da ke gabanta yanzu, kuma wannan ƙaranci yana da haɗari ga rayuka.

Ginin kalmar a Hausa

Kalmomi biyu aka haɗa, watau girgiza da ƙasa, aka sada su da harafin nasaba. Da yake girgiza kalma ce ta mace, daidaitacciyar Hausa takan ce girgizar ƙasa, ko da yake akan ji girgizan ƙasa a bakin wasu.

Idan muka saurari girgiza da kyau za mu ji gaɓar farko tana maimaita ta biyu. Wannan shi ne abin da masana nahawu ke kira ninki, kuma aikinsa a aikatau na Hausa shi ne nuna yawan aukuwa. Alal misali, daga kaɗa muka sami karkaɗa, daga watse muka sami warwatse, daga faɗi kuma muka sami farfaɗiya. A duk waɗannan misalai baƙin da ya faɗo a ƙarshen gaɓar farko, ko ɗ ne ko ts, ya rikiɗe ya koma ra-gare. Wani Bajamushe masanin harsuna, August Klingenheben, shi ne ya fayyace wannan doka ta sautin Hausa a ƙarshen shekarun 1920, har ake kiranta da sunansa. Bisa wannan doka, girgiza ta fito ne daga giz-giza. Hujjar cewa z yakan koma r a irin wannan wuri tana nan a bakinmu kullum: muna cewa girgije, amma jam'insa gizagizai, inda z na asali ya sake bayyana. Bambancin girgiza da karkaɗa shi ne, kaɗa tana raye har yanzu, amma giza ita kaɗai ta ɓace, sai ninkinta ya rage.

Ashe kalmar ɗauke take da ma'anarta a cikin sautinta. Ba a girgiza abu sau ɗaya. Akan kai shi a komo da shi ne, kamar yadda yaro ke girgiza reshen magarya don 'ya'yan su zubo, ko dattijo ya girgiza kai don takaici.

Ita kuwa ƙasa kalma ce mai faɗi. Tana nufin turɓayar da manomi ke huɗa, da daɓen da muke takawa, da kuma yankin da hukuma ke mulki. Shi ya sa ɗan jarida kan ce mutuwar wani shugaba ta girgiza ƙasa, ba tare da ko tukunya ɗaya ta faɗo daga kan murhu ba. Abin lura shi ne ba mu ce girgizar duniya ba. Mun zaɓi kalmar da ke nufin abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa, watau abin da kowane mai rai ya ɗauka shi ne ba ya motsi. Tsoron da ke cikin kalmar daga nan yake: an haɗa motsi da abin da aka yi imani a kafe yake.

Yadda wasu al'ummu suka kira ta

Da za mu zagaya harsunan duniya, sai mu tarar kusan duk hanya ɗaya suka bi. Rumawa suka ce terrae motus, watau motsin ƙasa, wanda ya zama terremoto a harsunan Italiya da Sifen. Ingilishi ya haɗa earth, ƙasa, da quake, tsohuwar kalma mai nufin makyarkyata. Faransanci ya ce tremblement de terre, rawar ƙasa. Sinawa suna rubuta ta da alamu biyu, ta ƙasa da ta girgiza, kuma da waɗannan alamu ne mutanen Japan ke rubuta tasu kalmar, jishin. A Swahili akan ce tetemeko la ardhi, inda za ku ji irin ninkin nan namu a cikin tetemeko.

Yunanawa kuwa suka ce seismos, daga aikatau mai nufin girgizawa. Da farko kalmar ba ta keɓanta ga ƙasa ba, don a Linjilar Matiyu, wadda aka rubuta da Yunananci, an yi amfani da ita wajen bayyana hadarin da ya tayar da ruwan tafki. Daga baya ne ta zama tushen sunan ilimin girgizar ƙasa a harsunan Turai.

Larabci shi ne ya fi kusa da mu a wannan fage. Kalmarsa ita ce zalzala, wadda saiwarta baƙaƙe biyu ne da aka maimaita, z da l. Gininta da na girgiza iri ɗaya ne, ko da yake kowane harshe da kansa ya gina tasa. Bugu da ƙari Larabci yana da rajfa, wadda Alƙur'ani ya yi amfani da ita wajen halakar Samudawa da mutanen Madyana, da khasf, watau ƙasa ta haɗiye abu kamar yadda ta yi wa Ƙaruna, da kuma hazza, wadda jaridun Larabawa ke amfani da ita ga ƙaramar girgiza. Kalmar zalzala ta bi Musulunci ta shiga Farisanci da Turkanci da Urdu. A Turkiyya ta daɗe ana cewa zelzele, har zuwa gyaran harshe na shekarun 1930, lokacin da aka ƙirƙiro deprem daga saiwar Turkanci mai nufin motsi.

Abin da duk waɗannan sunaye suka yi tarayya a kansa shi ne, kowannensu ya faɗi abin da jiki ya ji ne kawai. Babu ko ɗaya da ya faɗi dalili. Dalili sai aka bar wa labari, labari kuwa ya yi ta sauyawa.

Tarihin neman dalili

Yunanawan farko sun jingina abin ga gunkinsu na teku, Poseidon, wanda suke yi wa kirari da mai girgiza ƙasa. Masaninsu Thales ya ce ƙasa a kan ruwa take kamar jirgi, in ruwan ya yi tambal-tambal sai ta motsa. Aristotal, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce iska ce ke taruwa a kogunan ƙarƙashin ƙasa, in ta rasa mafita sai ta jijjiga abin da ke kanta. Wannan ra'ayi ya yi kusan shekara dubu biyu ana karantar da shi, har Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi shi a littafinsa al-Shifa. A Japan talakawa suka ce wani ƙaton tarwaɗa ne, namazu, ke kwance a ƙarƙashin ƙasa an danne shi da dutse. In mai gadinsa ya yi sake sai ya motsa. A littattafan ƙissoshi da na abubuwan al'ajabi na Larabci kuma akwai labarin san da ke ɗauke da duniya, da labarin Dutsen Ƙaf, wanda aka ce jijiyoyinsa sun ratsa ƙarƙashin kowane gari, in aka motsa jijiyar gari sai garin ya girgiza.

A nan ya kamata mu ambaci malamin da sunansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, watau Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rayu daga 1445 zuwa 1505. Shi ne ɗayan Jalalu biyun da suka rubuta Tafsirin Jalalaini, wanda malamanmu ke karantawa cikin azumi, kuma ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Wannan malami ya wallafa littafi sukutum a kan zalzala, mai suna Kashf al-Salsala, inda bayan hadisai da maganganun magabata ya jera girgizar ƙasar da aka yi a ƙasashen Musulmi, shekara bayan shekara, har zuwa zamaninsa. Masana girgizar ƙasa na wannan zamani suna amfani da jerin nasa wajen gano tarihin girgiza a Gabas ta Tsakiya. Ke nan tsoron Allah bai hana shi ajiye lissafi ba.

A ƙasar Sin ma an fara lissafi tun da wuri. A shekara ta 132 wani masani mai suna Zhang Heng ya ƙera wata tukunyar tagulla mai kawunan dodanni takwas, kowane da ƙwallo a baki. In ƙasa ta motsa sai ƙwallo ɗaya ya faɗo, a gane ta wace fuska girgizar ta zo.

Babban sauyi a Turai ya zo ne ran 1 ga Nuwamba 1755, lokacin da girgiza ta rushe birnin Lisbon na Fotugal da safe, jama'a na cikin majami'u. Teku ta biyo baya da ambaliya, gobara ta cinye abin da ya rage, dubban mutane masu yawa suka hallaka. Ina so ma'aikatan gwamnati da ke nan su lura da abin da wazirin ƙasar, Pombal, ya yi. Ya aika wa kowace gunduma da takardar tambayoyi: yaushe girgizar ta fara, ta yi tsawon wane lokaci, ruwan teku ya hau ko ya sauka, me ya sami rijiyoyi, gidaje nawa suka faɗi. Sa'an nan ya sa aka sake gina birnin da gidaje masu firam ɗin katako a cikin bango, don su yi lanƙwasa maimakon su karye. Daga irin waɗannan tambayoyi ilimin ya tsiro. A 1760 John Michell na Ingila ya nuna cewa girgiza tana tafiya ne cikin duwatsu kamar igiyar ruwa. Bayan girgizar da aka yi a kudancin Italiya a 1857, wani injiniya ɗan Ailan, Robert Mallet, ya je ya auna ɓarnar gari bayan gari, kuma shi ne ya laƙaba wa ilimin suna seismology, daga kalmar Yunanancin nan. Bayan girgizar San Francisco ta 1906, Harry Reid ya bayyana cewa duwatsu kan yi ta tanƙwaruwa a hankali a gefen wata tsaga, har ranar da za su kasa jurewa su zame gaba ɗaya, kamar yadda sanda ke lanƙwasa kafin ta ɓalle. A shekarun 1960 aka tabbatar da cewa ɓawon duniya kamar fasasshiyar ƙwarya yake da aka ɗinke: manyan ɓangarori ne da ke gogayya da juna, suna tafiyar 'yan santimitoci a shekara, kuma a bakin ɗinkin ne mafi yawan girgiza ke aukuwa.

Duk wannan doguwar tafiya, daga tarwaɗa zuwa ɓangarorin ɓawon duniya, ba ta taɓa sunan ba. Bafaranshe na yau rawar ƙasa yake cewa, kamar kakansa.

Inda Bahaushe ya sadu da kalmar

Ƙasar Hausa nesa take da bakin ɗinkin nan. Tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu a tsakiyar ɓangaren Afirka. Saboda haka yawancinmu a makarantar allo muka fara saduwa da wannan batu. Yaro in ya gama Fatiha ya kama daga Nasi yana hawa, sura ta goma sha shida da zai wanke ita ce Izazul, watau Suratuz Zalzala, sura ta 99 mai ayoyi takwas, wadda ke bayyana girgizar ranar tashin alƙiyama. Farkon Suratul Hajji ma a kan wannan girgiza yake. In azumi ya zo, mai jan baƙi ya karanta, mai fassara ya juya da Hausa, sai ka ji girgiza ta tsaya a gurbin zalzala daram.

Akwai abin mamaki a nan. Kusan duk kalmomin lahira aro muka yi daga Larabci: alƙiyama, hisabi, mizani, siraɗi, aljanna, azaba. Amma zalzala ba ta zauna a bakin jama'a ba. A ganina dalili shi ne Hausa ta riga tana da kalmar da ta dace da ita a gini da ma'ana, kuma harshe ba ya aron abin da yake da shi a gida. Ku kwatanta da tsunami. Kalmar Japan ce mai nufin igiyar ruwan tashar jirgi, kuma da ambaliyar Tekun Indiya ta 26 ga Disamba 2004 ta kashe mutum fiye da dubu ɗari biyu, sai ta shigo Hausa yadda take, don mu da ba mu da teku ba mu da madadinta.

Hanya ta biyu da kalmar ta bi ita ce ta jarida da rediyo. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, zuwa wayoyin hannu na yau, Bahaushe yana jin girgizar ƙasa a Iran, a Turkiyya, a Haiti, a Japan. Sakamakon haka kalmar ta sami gida biyu a zuciyarsa: ko dai ta lahira ce, ko kuwa ta wata ƙasa mai nisa.

Tarihi kuwa ya nuna tana da gida na uku. Birnin Akara na Gana, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, ya girgiza a 1862, da 1906, da kuma ran 22 ga Yuni 1939, lokacin da mutum 17 suka mutu, fiye da ɗari suka ji rauni. Ran 22 ga Disamba 1983 girgiza ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini, yankin da ba a lissafa shi cikin wuraren haɗari ba. A Nijeriya ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumba 2016, da unguwar Mpape ta Abuja a Satumba 2018, inda mutane suka fito daga gidajensu a firgice. Waɗannan na Nijeriya ƙanana ne. Amma suna tuna mana cewa tsohon dutse ma yana da tsofaffin tsagogi, irin wadda ta tashi daga Ifewara zuwa Zungeru. Don sa ido a kan irin wannan ne aka kafa cibiyar bincike a Toro ta Jihar Bauci.

Inda kalmar ta gaza

Matsalar ita ce kalma ɗaya muke amfani da ita ga abin da ya kaɗa kwano a kan kanta da abin da ya rushe birni, da kuma abin da zai kawo ƙarshen duniya. In mai shela ya ce an yi girgizar ƙasa a Mpape, wani zai ji alƙiyama ta tsaya ya gudu ya tattake yara, wani kuma zai ga gidansa lafiya lau ya ce ƙarya ce, gobe in an yi masa gargaɗi ya ƙi ji.

Har ila yau muna cuɗa abubuwa biyu da masana suka raba. Na farko ƙarfin girgiza a inda ta tashi, wanda Charles Richter ya fito da ma'auninsa a 1935. Masana sun koma ga wani sabon ma'auni tun 1979, ko da yake 'yan jarida ba su daina ambaton Richter ba. A wannan lissafi kowane maki ɗaya ya ninka na ƙasa da shi kusan sau 32, maki biyu kuwa kusan sau dubu. Na biyu shi ne tsananin abin da aka ji a wani wuri, wanda ya dangana ga nisa da zurfi da irin ƙasa da irin gini. Shekarar 1960 ta ishe mu misali. Ran 22 ga Mayu aka yi girgiza mai maki 9.5 a Chile, wadda ita ce mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa. Ran 29 ga Fabrairu kuwa an yi mai maki 5.8 kacal a Agadir ta Maroko. Ta Chile ta fi ta ƙarfi fiye da sau dubu ɗari uku, amma ta Agadir ta fi kisa, don ta hallaka mutum dubu goma sha biyu ko fiye, kusan sulusin garin. Ta tashi ne dab da ƙarƙashin garin, cikin dare, ta sami gine-ginen da ba a yi su don jure motsi ba. Mai sauraron da aka ce masa maki biyar da ɗigo takwas, aka tsaya nan, ba a faɗa masa abin da ya kashe mutanen Agadir ba.

Saboda haka ina ba da shawara ga masu fassara a gidajen rediyo da ma'aikatun watsa labarai da hukumomin agajin gaggawa su daidaita kalmomi. A bar girgizar ƙasa ga wadda ta yi ɓarna, a ce motsin ƙasa ga wadda aka ji kawai, kamar yadda wasu jaridu suka riga suka fara. A ce girgizar biyo-baya ga ƙananan da ke zuwa bayan babba, don su ne ke kayar da bangon da ya riga ya tsage a kan wanda ya koma ɗaukar kaya. A ce cibiyar girgiza ga inda ta tashi. A raba ƙarfi da tsanani. Kuma a daina cuɗa ta da zaftarewar ƙasa, ko zaizayar ƙasa, ko ruftawar rami, ko aman wutar dutse, don kowannensu da dalilinsa da maganinsa.

Kammalawa

Wataƙila wani ya ce girgizar ƙasa ikon Allah ce, me ya kawo awo da ƙa'idar gini? Lalle ikon Allah ce, kamar yadda ruwan sama yake ikon Allah, amma wannan bai hana magidanci yin yaɓe da gyara indararo kafin damina ba. Suyuɗi ya ruwaito hadisai, ya kuma rubuta shekaru da garuruwa. Garuruwanmu yanzu sun tashi daga soro da jinka sun koma benayen bulo masu hawa biyar da shida, waɗansu ma suna rushewa ba tare da ƙasa ta motsa ba. Jami'in da ke sa hannu a takardar izinin gini, da ɗalibin da zai zama injiniya, da mai fassara labarin ƙarfe bakwai, duk suna da rabo a cikin wannan kalma. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa, gemun Akara da na Gini kuwa ba su da nisa da namu.

 Allah ya kiyaye mu, ya ƙara mana ilimi mai amfani.